Duwatsu Bakwai a Hanyar Hada

Na yi shekara goma sha tara ina tuƙi a Jidda, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe da juna a kaina, ba zan iya bambance wannan da waccan ba. Amma akwai wata Laraba a kan hanyar Hada da ba zan manta da ita ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Ba wai ban yi ƙoƙarin mantawa ba ne. Na yi, Allah ya sani. Yanzu da furfura ta fara cin gemuna, na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, ba tare da na gyara wa kaina komai ba, ko wani direba zai karanta ya tsira daga irin abin da nake ɗauke da shi.

A lokacin ina direban gida a unguwar Abhur. Kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar, wani dattijon Balarabe ne mai sanyin hali, iƙamata, takardar izinin zama, na nan daidai, ɗakina a bakin ƙofa da na'urar sanyi. Ban rasa komai ba sai ladabi. Kafin in zo ƙasar nan na yi shekara takwas ina jan motar kaya tsakanin Jos da Lafiya, kullum ta Hawan Kibo, kuma wannan ya sa mini wani girman kai da ban san ina da shi ba. Duk direban da ya buɗe baki zai ba da labarin hanya, sai in tare shi da cewa in bai taɓa saukowa Kibo da lodin dankali a damina ba, to ya yi shiru kawai. Ilimina bai wuce firamare ba, saboda haka sitiyari shi ne abin alfaharina guda ɗaya, na kuwa riƙe shi da ƙarfi.

Ranar nan uwar gidan ce ta aike ni Ɗa'if, gonar yayanta, in ɗauko rumman da inabi. Manyan motocin suna wurin 'ya'yanta, sai aka ba ni tsohuwar wanet ɗin lambu, wato ƙaramar a-kori-kura da muke kwasar taki da ita. Kafilina ya fito da kansa ya dafa bonet, ya ce motar nan ta tsufa, kada in hau da ita ta Hada, in zagaya ta hanyar Sail wadda hawanta ya fi sauƙi, ko da zan daɗe. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, wannan bai san wanda yake wa magana ba. Da zan loda kwandunan, sai na fitar da duk tarkacen bayan kujera na zube a gareji, har da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Birkin hannun motar kuma na san ya saki tun watanni, ban faɗa wa kowa ba saboda ni na ƙona shi, wata rana da na yi tafiya mai nisa ban sauke shi ba.

Wanda bai san hanyar Hada ba, bari in ɗan kwatanta masa. Idan ka wuce Makka ka bar Arafat a gefe, za ka yi ta tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi, sai kawai ka ga dutse ya tsaya a gabanka kamar katanga, ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa. Jikin wannan dutsen aka sassaƙa titi, kwana bayan kwana, ka juya dama ka juya hagu, kunnuwanka suna toshewa. Gefe ɗaya dutse ne an lulluɓe wasu wuraren da ragar ƙarfe, ɗaya gefen kuma rami ne da motocin da ke ƙasa suke zama kamar tururuwa. Birai suna zaune a kan shingen kankare suna jiran a jefa musu ayaba. Ina hawa ina jin iska tana sauyawa, ina cewa a raina, to mene ne abin tsoro a nan? Titi sumul, ko rami ɗaya babu.

Na wuce rabin hawan kenan, wajen azahar, allurar zafi ta haye ja. Maimakon in nemi wurin tsayawa tun da wuri, sai na ƙara taka mai wai in kai sama. Ban kai ko'ina ba tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet, injin ya mutu, daidai bayan wata kwana inda babu gefen rakuɓewa. Na ja birkin hannu, motar ta ci gaba da silalewa baya. Na sa ta a giya na diro da gudu, na ɗauko duwatsu biyu na cusa a bayan tayoyin baya. Sannan na yi abin da kowane direban ƙasarmu zai yi ba tare da ya tsaya tunani ba. A gida ganye muke karyowa mu jera a titi don na baya ya san akwai mota a gaba. Nan babu ganye, sai dutse. Na ɗauko guda biyar, kowanne ya kai girman kankana, na jera su a karkace daga bayan motar har zuwa bakin kwanar.

Ina tsaye ina zagin motar da Hausa, ina shirin murɗe murfin lagireto da tsumma, sai na ji murya a bayana.

"La, la, ya waladi! Kada ka buɗe, ɗana. Kana son fuskarka ta dahu?"

Na juya na ga wani dattijo baƙi, siriri, da rigar ma'aikatan hanya mai ruwan lemo. Shebur a kafaɗarsa, jan tuta a hannu, jarka rataye a gefensa. Gemunsa fari fat. Hausarsa tana da nauyin Larabci, irin ta waɗanda aka haifa a nan.

"Baba, Bahaushe ne kai?"

"Na ji kana zagin uwar mota, na ce wannan ɗan gida ne. Balarabe ba ya zagi da daɗi haka."

Ya koma bakin kwanar ya tsaya yana kaɗa tutarsa, motoci suna kaucewa zuwa ɗaya layin, har sai da tururin ya lafa. Sannan ya dawo ya ce sai injin ya huce sosai kafin a zuba ruwa, saboda haka in zo mu zauna. Muka zauna a kan shingen kankare, ya ciro filas daga aljihun rigarsa ya zuba mini shayi mai na'ana'a a murfin, shi kuma ya jira in gama. Ya ce shekara talatin da wani abu yana aikin gyaran hanyar nan, kamfani ya tafi wani ya zo, shi yana nan. An ba shi wani yanki na hawan, kullum motar kamfani ta sauke shi da safe, ya bi shi a ƙafa, ya kwashe abin da ya faɗo, ya buɗe magudanan ruwa da yashi ya toshe, ya duba inda raga ta yage ya gaya wa injiniya, ya goge allunan kwana da tsumma don su yi ƙyalli.

Na ce masa, cikin rashin kunyata, ai ni ban ga abin gyara a titin ba, ko'ina tas yake.

"Shuf, dubi wannan," ya ce yana dariya. "Kana ganin da kansa yake yin tas? Dutsen nan ba ya barci. Rana ta gasa shi, ruwa ya sauka a kansa, ya tsage. Birai su yi faɗa a sama su turo tsakuwa. Mutane su tsaya ba su abinci, su cika titi. Ni da safe in zo in tarar kamar ban taɓa shara ba."

Ya nuna mini can gefe, a jikin dutsen, wata siririyar hanya mai matakala da aka shimfiɗa da duwatsu, tana lanƙwasa tana hawa. Ya ce wannan ita ce tsohuwar hanya, ta raƙuma da masu tafiya a ƙafa, tun kafin a san mota. Mahaifinsa ya bi ta. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zuwa aikin hajji, ya yi shekaru a hanya yana tsayawa yana noma a Sudan, da ya iso bai koma ba. Da aka tashi fasa dutsen don yin titin mota, yana cikin leburorin da ake ɗaure wa igiya a ƙugu a sauke su jikin dutse da guduma. Ya ce mahaifin nasa yakan lissafa abokan aikinsa da ba su sauko ba, wasu Hausawa, wasu Yamalawa, yana musu addu'a bayan kowace sallar asuba har ya rasu.

"Ni ƙasar Hausa a bakin uwata kawai na san ta," ya ce. "Wannan hawan shi ne garinmu. Na san kowace kwana da halinta. Wannan da ka tsaya a bayanta, mara mutunci ce."

Sai ya nuna duwatsun da na jera da bakin shebur.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Haka muke yi a gida, Baba."

"Tayyib. A gida, in mota ta tashi, wa yake kwashewa?"

Na yi dariya na ce babu mai kwashewa, na baya ya kauce, ko wata babbar mota ta murƙushe su. Gaskiya na faɗa. A shekara takwas ɗina a Kibo ban taɓa komawa na ɗauke ganye ko dutse ɗaya da na ajiye ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in kalli ƙasa. Na leƙa kwarin, na ga wani farin abu kamar auduga yana tasowa a hankali yana cinye kwanonin da na baro. Ya ce dabab kenan, gajimare ne da kansa yake hawowa titi, kuma idan ya iso, mutum ba ya ganin bonet ɗin motarsa. A cikinsa dutse ɗaya ya isa ya kashe gida guda. In ya yi kauri 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, suna rufe hawan sama da ƙasa, su bi suna kora duk wanda ya tsaya.

Ya zuba mini ruwan jarkarsa duka a lagireto, bai rage ko na alwala ba. Ya ce in ba ta minti goma in tayar. Shi zai sauka ƙasa da kwanar, akwai magudanar da yake son buɗewa kafin dabab ya rufe. Ya gaya mini 'yarsa tana aure a Bani Malik, yana sauka Jidda ƙarshen kowane wata, wataƙila mu haɗu. Ya ɗauki shebur ya yi taku biyu, ya juyo.

"Ya waladi, kafin ka tafi ka kwashe duwatsunka. Duka. Ka ƙirga su."

"In sha Allahu, Baba."

Ya ɓace a bayan kwanar. Ko sunansa ban tambaya ba.

Minti goman ba su cika ba hazon ya iso. Ban taɓa ganin irinsa ba. Sanyi ya taɓa fuskata, na duba na daina ganin kwarin, na daina ganin dutse na biyar da na ajiye. Sai na ji jiniya can ƙasa, nesa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, in 'yan murur suka same ni a nan, babu alamar tsayawa, babu birkin hannu, za su ɗauke motar su kira kafilina, shi kuma ya ji cewa ta Hada na bi bayan ya hana ni. Abin da nake tsoro kenan gaba ɗaya. Faɗan dattijo mai sanyin hali, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Na murɗa makulli, motar ta tashi. Na sa giya ta ɗaya ta haye gaba. Don in kwashe duwatsun dole in sake tsayar da ita, in nemi wani dutsen in tare taya, in sauka in yi sawu bakwai. Na kalli madubi, na ga biyun da suke bayan tayoyin, baƙaƙe a cikin farin hazo. Ba zan ce na manta ba. Watanni na yi ina gaya wa kaina mantawa na yi, ƙarya ne. Na gan su, na tuna maganarsa, sai na ce a raina, ai tsohon yana nan kusa, kuma aikinsa ne kwashe dutse. Na taka mai.

Na isa gonar, aka loda mini rumman da inabi, na yi la'asar a can. Da na dawo bakin gangaren sai na tarar an gitta motar murur an rufe hanya, ana juya kowa. Na sauke gilashi na tambayi ɗan sandan, ya ce dabab ne, kuma an yi hatsari a layin masu hawa, yalla, in bi ta Sail. Duwatsuna suka faɗo mini a rai. Sai na ce wa kaina hawan nan dogo ne, kwanoni sun fi a ƙirga, me zai sa ya zama tawa? Na bi ta Sail na koma Abhur. Uwar gida ta yaba rumman ɗin, har ta aiko mini da guda huɗu a faranti. Na ci.

Duk Juma'a bayan masallaci mukan taru a wani gida a unguwar Ammariyya, mu direbobi da masu gadi 'yan ƙasarmu, a ci tuwo a ji labarin gida. Sati uku bayan nan ina cikin cin abinci wani abokina direba ya ce wa jama'a akwai wani dattijo haifaffen Makka, ma'aikacin hanyar Hada, da mota ta matse a jikin shinge cikin hazo. An yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, an sallamo shi daga asibiti yana gidan 'yarsa a Bani Malik, ya kamata wanda ya samu hali ya je dubiya. Wani ya tambayi yadda aka yi. Ya ce wai wani mara imani ne ya bar duwatsu a tsakiyar titi, tsohon ya shiga kwashewa, mai mota ya zo ya ga dutse a gabansa ya kauce, sai ya same shi a sunkuye. Kowa a wurin ya yi Allah wadai da wanda ya bar duwatsun. Ni ma na buɗe bakina na ce Allah ya isa. Loma tana hannuna, na kai ta baki na haɗiye.

Wata biyu na yi ban je ba. Ina sallah ina jin kamar ba ta wuce rufin ɗakina. In na ga mai rigar ruwan lemo a gefen titi sai in kawar da kai. A ƙarshe na karɓi kwatancen gidan wurin abokin nan, na sayi lemo da tuffa, na tafi wata Juma'a da yamma da niyyar in durƙusa in faɗi komai. Tun daga Abhur nake maimaita kalmomin a mota.

Gidan yana hawa na biyu a wani tsohon bene, a lungun da mota ba ta shiga. 'Yarsa ta amsa sallamata daga bayan ƙofa, ta ce in shiga ɗakin farko. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, an rufa masa zane, kuma zanen ya kwanta shafe a inda ƙafa ya kamata ta kasance. Ya rame ƙwarai. Yana ganina fuskarsa ta washe.

"Mai zagin mota! Ahlan. Ta kai ka sama ranar nan?"

"Ta kai ni, Baba. Ya jiki?"

"Alhamdu lillah. Sun rage mini kuɗin takalmi, yanzu ɗaya zan riƙa saya."

Na yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya sa aka kawo shayi. Ya yi ta tambayata labarin Jos, wai da gaske ne akwai sanyi kamar Hada, wai ana samun rumman. Ya ce abin da ke damunsa ba ƙafar ba ce, zaman ɗaki ne, kuma an ba wani sabon mutum yankinsa wanda bai san wace magudana ce take fara toshewa ba. Ina zaune ina neman inda zan soma kalmomin da na haddace. Sai ya ajiye kofinsa ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai tambayar lafiyar iyali.

"Ya waladi, ranar nan ka kwashe duwatsunka?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa. Abin da ya rage kawai in ce a'a. 'Yarsa tana bayan labule, ina jin motsin kwanuka ya tsaya. Na tuna Allah ya isan da na ja a Ammariyya, na tuna iƙamata, na tuna yadda labari yake yawo tsakanin mutanenmu.

"Na kwashe, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai.

"Tayyib. Ashe birai ne. Guda bakwai, biyar a jere a karkace, biyu daidai faɗin taya. Biran Hada sun fara koyon tuƙi." Ya ja zanensa ya gyara. "Biyar na samu na kwashe. Ina kan na shida ne."

Na ɗauki kofina na kurɓi sauran shayin. Bai sake tayar da maganar ba. Ya tambaye ni ko in ƙara shayi, na ce na gode. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, tafinsa kaushi kamar dutsen da ya yi rayuwarsa yana ɗauka, ya ce in dawo, ƙofa a buɗe take, duk ranar da na ga dama. Na gane abin da yake nufi sarai. Na sauko benen na zauna a mota na yi kuka kamar yaro, amma ban koma sama ba.

Na ce Juma'a mai zuwa. Ta zo, na ce ta gaba. Sai iyalin kafilina suka shiga hidimar biki, na samu abin fakewa. Sai azumi ya kama, na ce bari a shiga goman ƙarshe, lokacin da zukata suke da taushi. Kullum ina da dalili, kuma kowane dalili yana da kyau a kunnena. Ashe yana da ciwon suga, kuma wurin yankan ya ƙi warkewa. Wannan ban sani ba, domin ban tambaya ba.

Kwana uku bayan sallah na shirya da gaske. Ban sayi komai ba wannan karon, na ce hannu wofi zan je, da bakina kawai. Na hau benen na yi sallama. 'Yar ta amsa daga bayan ƙofa, ta gane muryata. Ta ce Baba ya rasu ranar ashirin ga azumi, an kai shi Makka an binne kusa da iyayensa.

Na dafa bango. A nan tsaye a kan matakala, ga ƙofa a rufe tsakaninmu, na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa masa. Na ce ni na ajiye duwatsun, na gan su a madubi na tafi, kuma na yi masa ƙarya a kan katifarsa.

"Mun sani, ya akhi," ta ce. Hausarta ta fi tasa karyewa. "Tun a asibiti ya gaya mana. Mijina ya so ya neme ka, ya kai maganar wurin hukuma, Baba ya hana. Ya ce a bar ka, kai ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi maka yawa, za ka zo ka faɗa da bakinka. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya ce in ɗora shayi, wataƙila direban nan ya zo."

"Ya ce ya yafe mini?"

Na ji tana jan numfashi a bayan ƙofar.

"Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba. Ban ji ya ce ya yafe ba, ban kuma ji ya ce bai yafe ba. Jiranka yake yi. Ni nawa haƙƙin, ka ba ni lokaci, yanzu ba zan iya ba. Halas, shi ke nan, ka tafi."

Na tafi. A daren nan ban iya zuwa ɗakina kai tsaye ba, sai da na samu kafilina na gaya masa komai, tun daga birkin hannu. Ya saurare ni har na gama, ya ce la haula wa la ƙuwwata illa billah, ya ce da na kira shi daga kan dutsen ranar nan da mota kawai zai turo a ɗauko ni. Abin da na gudu kenan. Bai kore ni ba, na ƙara shekara shida a gidansa. Na tambayi malamai, kowa ya gaya mini abin da ya sani game da kaffara da sadaka da addu'a, na yi abin da na iya, ina kan yi. Bayan shekara biyu 'yar ta aiko mijinta ya gaya mini ita ta yafe nata. Na gode mata har gobe. Amma nasa, babu wanda zai iya ba ni amsa a duniyar nan.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ba sai mai ilimi zai gane shi ba. Duk titin da ka bi ka same shi tas, wani mutum ne mai 'ya'ya ya sunkuya ya gyara shi kafin ka iso, kuma duk abin da ka yar a kai kana cewa akwai mai kwashewa, jikin wannan mutumin ka ɗora wa. Abin da ka ajiye da hannunka, ka ɗauke shi da hannunka kafin ka tayar da mota. In kuwa ka riga ka cuci wani, kuma Allah ya sa yana da rai har yana tambayarka, ka amsa masa gaskiya a wannan zaman, ko muryarka tana rawa. Ni an tambaye ni sau ɗaya, an jira ni wata huɗu, kuma yanzu sai a gaban Allah zan ji amsarsa.